Ƙafa Biyar da Rabi

Abubuwa da dama sun same ni a zaman da na yi a Greensboro, kuma akasarinsu sun riga sun shuɗe daga ƙwaƙwalwata. Maganar tirelar McLeansville ba ta cikinsu, ba na kuma jin za ta taɓa shiga. Yau shekara shida ke nan, ina da hamsin a duniya, amma har yanzu in na tsaya a danja bayan wata a-kori-kura, sai in tsinci idona yana auna tsawon bodinta.

Asalin maganar daga maiɗakina ta taso. Ba ta son kwanan otal. Duk tafiyar da muka yi da 'ya'yanmu mata biyu, sai mun sha fama da neman abincin da za mu ci da natsuwa, da ɗaukar buta a jaka, da neman kusurwar da za a shimfiɗa darduma. Wata rana ta ce da a ce muna da tafi-da-gidanka irin wadda Turawan nan ke ja a bayan mota, mai ɗakin girki da banɗaki a ciki, da ta yarda mu je duwatsun yammacin jihar duk lokacin hutu. Na riƙe maganar. A lokacin ina da a-kori-kura mai ƙofa huɗu wadda na zaɓa da gajeren bodi, ƙafa biyar da rabi, saboda ita ce ke shiga garejin gidanmu a unguwar Sedgefield har ƙofa ta rufu. Da na ga tallar wata ƙaramar tirelar kwana da wani dattijon Bature na garin McLeansville ya sa a kasuwa, sai na roƙi Alhaji ya raka ni.

Alhaji ya girme ni da shekara goma sha biyar. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na zo ƙasar nan karatu, kuma a falonsa na unguwar Glenwood na yi wata bakwai ina kwana kafin na samu ɗaki. Bai yi boko mai zurfi ba. Kafin ya baro gida ya yi shekaru yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, a nan kuma yana aiki a wani babban sito. Ni kuwa lissafi nake koyarwa a kwaleji, shi ya sa yake kirana Furofesa, rabi girmamawa rabi tsokana. Duk motar da na taɓa saya a garin nan, sai da ya leƙa ƙarƙashinta tukuna.

Mun isa gidan dattijon da hantsin wata Asabar. Tirelar na tsaye a gefen rumbun ajiyarsa, fara, tsaf da ita. Irin wadda gabanta ke hawa kan bodin mota ce, kamar yadda tirelar kaya ke hawa kan motar da ke janta. Wani turken ƙarfe da ke ƙarƙashin gabanta shi ke shiga cikin maƙalin da ake kafawa a tsakiyar bodi, wanda a nan ake ce wa hic. Na shiga ciki ina buɗe durowa, ina gwada famfo, ina hasashen farin cikin iyalina. Da na leƙo ta taga sai na hangi Alhaji da dattijon a kusurwar gaba ta hagu, kawunansu a haɗe. Alhaji na shafa wani wuri da tafin hannunsa, dattijon na magana ƙasa-ƙasa yana sosa ƙeya. Ina fitowa suka yi shiru. Dattijon ya dubi motata, ya dubi Alhaji, sannan ya zaro wani ɗan kati daga aljihun rigarsa ya miƙa wa Alhaji, ba ni ba.

A daidai wannan lokacin wani abu ya ɗarsu a zuciyata. Na tashi a gidan da ke bayan kasuwa, na ga yadda dillali ke jan mai kaya gefe, su gama magana a cikin hannun riga, sannan ya dawo wa mai saye da fuskar ɗan'uwa. Na je na dubi wurin da Alhaji ya shafa, na ga alamar lotsawa da aka gyara aka shafe da fenti. Na ce a raina, ga aibi an gani, an kuma shirya yin shiru a kansa.

A hanyar dawowa Alhaji ya fara magana tun kafin mu hau babban titi.

“Furofesa, tirela ta yi. Motarka ce ba ta yi ba.”

Na ce, “Injinta zai ja ta. Na duba takardun.”

“Wa ya yi maganar inji? Bodi nake faɗa maka. Bodi iri uku ne: naka gajere, akwai na ƙafa shida da rabi, akwai dogo na ƙafa takwas. Mai dogo ya kafa hic ɗinsa ya yi tafiyarsa. Kai kuwa ranar da ka sha kwana mai tsanani, kafaɗar tirelar nan za ta shigo maka ta gilashin baya ta gaishe ka.”

Ya ce zaɓi uku gare ni. Ko in canza mota, ko in bar wannan tirelar in nemi wadda ake maƙalawa a ƙwallon ƙarfe na can bayan mota, wadda ba ruwanta da tsawon bodi, ko kuma in sa hic mai zamewa, wanda ke ja da baya ya nisanta tirela daga kan mota lokacin shan kwana. Ya ciro katin nan ya ce ga shagon da ke kafa irinsa, ya ma san mai shagon, mutumin kirki ne.

Ya san mai shagon. Wannan jimlar ce ta ƙarasa ni. Hic mai zamewa ya fi na tsaye tsada nesa ba kusa ba, kuma ga shi mai tirela ya ba da kati, ɗan rakiya ya san shago. Alhaji ya ci gaba, “Ka ga waccan lotsawar ta kusurwa? Dattijon nan ya ce mini...” Ban bar shi ya ƙarasa ba. Na rage muryata, na yi amfani da irin lafazin da nake yi wa ɗalibin da na kama da satar amsa.

“Alhaji, mu ba baƙin juna ba ne. In akwai la'adarka a ciki, ka faɗa mini in ba ka kai-tsaye, ba sai an zagaya da ni ta shago ba.”

Ya ninke katin gida biyu ya mayar aljihu, ya juya yana kallon gonakin da muke wucewa. Da muka isa ƙofar gidansa ya sauka, ya ce, “A gaida Hajiya da yara,” ya rufe ƙofar a hankali. Na tuna har na ɗauki shirun nan a matsayin shaida. Na ce da ba shi da laifi, ai da ya yi faɗa.

Abin da ya fi ba ni kunya idan na waiwaya shi ne, maganar ba ta buƙatar amincewa da kowa. Faɗin tirelar ƙafa takwas ne, rabinsa huɗu. Daga inda ake kafa hic, wato saman tayoyin baya, zuwa gilashin motata, bai kai ƙafa huɗu ba. Abin da ke neman wurin ƙafa huɗu ba zai wuce ta inda bai kai haka ba. Ɗalibin aji ɗaya zai warware wannan a bayan ambulan. Ni da nake cin abinci da lissafi ban ɗauki abin awo ba, domin na riga na yanke cewa matsalar a zukatan mutane take, kuma can na tattara dukkan basirata.

Maiɗakina ta ce, “Abban yara, ka kira shi ka tambaye shi mana. Mutumin da ya riƙe ka wata bakwai?” Na ce mata zamani ya canza, ƙasar nan tana canza mutane. Na nemi wani shago dabam a ɗaya gefen gari, na ce a kafa mini hic na tsaye. Ma'aikacin ya dubi bodin, ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Na ce a raina, ga wani ma yana son sayar da mai tsada. A makon nan duk wanda ya faɗa mini gaskiya sai na ƙara shi cikin jerin masu haɗa baki.

Bayan mako biyu, ranar Asabar, muka koma ɗaukar tirelar, ni da maiɗakina. Dattijon ya leƙa cikin bodin, ya daɗe yana kallon hic ɗin, sannan ya tambaya ina abokina. Na ce yana da uzuri. Ya ce mota tawa ce, tirela ma yanzu tawa ce, amma don Allah kada in sha kwana mai tsanani, in na ɓata hanya in yi ta tafiya har sai na samu fili. Na gode masa da irin godiyar da ake yi wa wanda ba a yarda da shi ba.

Minti goma sha biyar na farko sun tafi lafiya, har na fara jin daɗin kaina. Sai na wuce mararrabar da ya kamata in bi, na tsinci kaina a wani siririn titi mai ramin ruwa hagu da dama. Na hangi ƙofar wata gona, na ce a nan zan juya. Na shiga da kan mota, na sa ribas, na murɗe sitiyari har ƙarshe. Maiɗakina ta waiwaya ta ce, “Abban yara, tana matsowa fa.” Na ce na gani. Ban gani ba.

Ƙarar ta yi kama da harbin bindiga. Gilashin baya ya tarwatse gaba ɗaya, ɓaraguzansa suka watsu har kan mayafinta da cikin wuyan rigata. Kafaɗar tirelar ta lotsa ƙarfen kan motar ta tsaya a inda kan 'yarmu ƙarama ke kasancewa duk lokacin da muke tafiya. Maiɗakina ta yi salati, ta dubi kujerar bayan da babu kowa a kanta. Tirela ta tare titi, mota ta maƙale a jikinta, motoci biyu suka tsaya suna jira. Na ji tsoron ko taɓa sitiyarin.

Na daɗe da wayar a hannuna kafin na kira shi. Mako biyu ba mu yi magana ba. Na ce, “Alhaji, gilashi ya fashe.” Ya ce, “Akwai wanda ya ji ciwo?” Na ce babu. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Kada ka motsa ta. Kana ina?”

Ya iso da kayan aikinsa a jiki. Ya gaida maiɗakina, ya zagaya motar sau ɗaya, ya kakkaɓe kujerar direba da hularsa ya zauna. Da gaba kaɗan, baya kaɗan, sau huɗu ko biyar, ya raba su ya miƙar da tirelar a gefen titi. Da ya sauko ya nuna mini sabuwar lotsawar da ke kusurwar dama, sannan ya zagaya da ni ya nuna tsohuwar ta hagu.

“Yanzu ta samu 'yar'uwa,” in ji shi. “Waccan dattijon ne ya yi ta da gajeriyar motarsa, shekarun baya. Kunya ta hana shi faɗa a gabanka. Shi nake son gaya maka ran nan.”

Zan faɗi wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ko a wannan lokacin, ina tsaye ina cire gilashi daga aljihuna, sai da wata murya ta ce mini: to ai wannan bai nuna babu la'ada a shagon ba. Haka zato yake in ya samu wurin zama. Sai da na yi ta'awwuzi a zuci.

Washegari bayan la'asar na je gidansa. Ya shimfiɗa mini darduma a falon da na taɓa kwana, ya kawo shayi. Na ba shi haƙuri da duk kalmomin da na shirya a hanya. Ya saurara har na gama.

“Na yafe tun kafin in sauka daga motarka,” ya ce. “Amma bari in gyara maka wani abu. Ni na ci la'ada a Kano, ba sau ɗaya ba, kuma ba na jin kunyarta. Halaliya ce, a gaban mai saye da mai sayarwa ake karɓarta. Da ina da ita a nan, da tun a waya zan ce maka, Furofesa, ga tawa. Ba kiran dillali ne ya yi mini zafi ba. Ɗauka da ka yi zan ɓoye maka ne.”

Ya ƙara mini shayi ya shiga tambayar karatun yara.

An kafa hic mai zamewa, mun je duwatsu sau da yawa, iyalina sun ji daɗin tirelar kamar yadda na yi fata. Zumuncinmu da Alhaji bai yanke ba. Muna haɗuwa a masallaci, yana zuwa duk wata hidimar gidana, yana tsokanata kamar da. Sai dai bara, da zan saya wa babbar 'yarmu mota, na roƙe shi ya raka ni. Ya yi murmushi ya ce, “Ka kai ta wurin bakanike ya duba maka, ya ba ka takarda. Ya fi mana sauƙi mu duka.” Na so in yi musu, na ga ba ni da bakin yi.

Abin da na koya shi ne, in magana ta zo mini daga bakin wanda ya san aikinsa, in fara auna maganar kafin in auna mutumin, domin sau da yawa maganar tana da ma'auni, zuciyar mutum kuwa ba ni da abin auna ta. Na kuma koyi cewa yafiya tana goge laifi, amma ba lallai ta mayar da mutum inda yake tsaye a da ba. Gilashin motar kwana uku aka yi aka sa sabo. Motar 'yata kuwa ni kaɗai na je na saya.