Tukunyar Dalma a Gidan Makoki

Muna idar da sallar asuba muka bar Kaduna a Landiroba, ni da direbanmu Iliya. Wannan a shekarun saba'in ne, Suleja tana amsa sunan Abuja. Wani kamfanin shimfiɗa bututu ya tashi ya bar na'urar duba walda a yadinsa. Cikinta akwai tukunyar dalma, cikin tukunyar kuma wata ƙwaya kamar wake, mai fitar da tururin da ido ba ya gani. In aka fasa tukunyar, duk wanda ke kusa sai Allah. Ofishinmu ya ce in ɗauko ta.

Tafa

Nan muka karya da ƙosai da koko. A shinge ɗan sanda ya leƙa akwatin ƙarfen da muka ɗauko, ya ce, "Me ke ciki?" Iliya ya ce, "Babu komai, sai a dawowa."

Abuja

Da hantsi muka isa yadin, wayam! Maigadi ya ce ai tuni ya ba Audu maƙeri tarkacen, zai narke dalmar ya yi liƙin tukwane. Nan take muka nufi gidansa.

A ƙofar gidan maƙeran muka tarar da tabarmi, ana zaman makoki. Na ce shi ke nan, mun makara. Muka zauna muka yi gaisuwa, na ce wa dattijon da ke karɓar gaisuwa, "Baba, me ya same shi?"

"Wana ne, tsufa ne kawai," in ji shi, ashe shi ne Audun. "Tun rasuwar ba mu hura wuta ba, sai an yi sadakar bakwai gobe."

Ya kai ni maƙerar. Ga tukunyar a gefen zugazugi, kurfin sara ƙarfe da guduma ajiye a kanta. Na kara mata na'urar awon tururin da na zo da ita, kukanta bai wuce ƙa'ida ba. Ba a fasa ba! Na zauna daɓas a cikin toka.

Da na yi masa bayani ya daɗe yana kallon jikokinsa a tsakar gida. Ya ce, "Ranar da ya cika na ɗora kurfin nan zan fasa ta, sai aka kira ni. Ashe Yaya da tafiyarsa ma sai da ya tsare gidan."

Komawa

Muka rufe ta a akwati. Iliya, sarkin gudu, ranar nan kamar ƙwai ya ɗauko. Da la'asar sakaliya muka miƙa ta ma'ajiya a Kaduna. Na gode wa Allah, kuma har yau ina sa tsohon nan a addu'a, ko fuskarsa ban taɓa gani ba.