Iyakar Gonar da Na Nuna wa Baƙi

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau uku ina farawa ina yage takardar. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in tsaya gaban Allah da zargin mutanen da ban kama su da komai ba. Amma shirun ya zo ya fi rubutun nauyi, don haka zan faɗi abin da idona ya gani, inda kuma zato ne zan ce zato ne.

Ni mai bandar kifi ne a wani ƙauye na bakin tafki, kusa da Wara. Shekarar da ruwa ya yi mana ɓarna, bayan ya ja da kamar wata guda, mai unguwarmu ya aiko a kira ni da hantsi. Na tarar da wata farar jif a gindin mangwaro, da baƙi biyu da direbansu. Ɗaya dogo ne mai tabarau, ba ya son magana. Ɗayan gajere ne mai fara'a, da kyamara a wuya, Hausarsa irin ta mutanen gabas. Mai unguwa ya ce sun zo duba ɓarnar ruwa, suna neman wanda ya san hanyoyi kuma yana ɗan jin Turanci.

Na tambayi gajeren daga ina suke. Ya ce daga ofis. Na ce wane ofis, ranka ya daɗe? Ya yi dariya ya dafa kafaɗata, ya ce ofishin da ke kula da irin wannan. Na zagaya motar kamar ina sha'awarta. Babu rubutu a ƙofa. Jikinta a wanke yake tas, amma lambar gaba da ta baya laka ta rufe su. Hanya tana iya yin haka, ban ce ba ta iya ba.

Da na shiga gida canza riga, Inna ta tambaye ni abin da suke so. Na ce su ga ɓarna.

"Sun zo da ko buhun gero ɗaya?"

"Ban gani ba, Inna."

"To, ka zauna kusa ga ƙofa," in ji ta, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Muka bi ƙauyukan bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa shiga irin wannan mota ba. Inda babur kan tsaya a tura shi, ita sai ta yi gurnani ta wuce. Ɗakunan ƙasa sun zauna a kan kansu kamar an taka su. Rumbuna sun fashe, geron ciki ya tsiro kore shar a kan tarkacen. A wani masallaci ruwa ya bar zane a bango daidai ƙirjin mutum. Fadamar shinkafa ta koma rairayi. Mun ga kwale-kwale a maƙale cikin rassan wata bishiya, babu wanda ya samu ƙarfin sauko da shi. Duk inda muka rage gudu mata sukan fito da sauri suna faɗin sunayen mazansu, a zatonsu masu rubuta suna ne. Gajeren ya ɗauki hotonsu ta taga, ya ɗaga musu hannu. Babu wanda ya rubuta suna ko ɗaya.

A hanya gajeren ya ba mu labarin wata ƙasa da ya ce ya je, inda dutse ya yi aman wuta, toka ta binne gidaje har rufi. Ya ce yanzu jif-jif ne a jere suna kai mutane kallon wurin, ana nuna musu tukwanen da suka narke. Direban ya ce to nan ma a gyara hanya mana, ga kwale-kwale a kan bishiya, wa ya taɓa gani? Suka yi dariya. Ni ma na ɗan yi, don kada a ce ban da ladabi, kuma har yau ina jin kunyar wannan dariyar, domin na san mai kwale-kwalen.

Dogon bai kalli gidajen ba. Amma duk inda ruwa ya yanka ƙasa ya bar kwazazzabo, sai ya ce a tsaya, ya leƙa. Can ya juyo ya yi mini magana a karo na farko. Ya ce a ina ruwan sama ya fi yanka ƙasa da zurfi a wannan yankin? Ban yi tunani ba na ce gonar Baba, a gindin dutse.

Baba ba mahaifina ba ne. Tsoho ne Bakambare, manomi a kan tudu, aminin mahaifina marigayi. Tun ban san kaina ba muke kai masa busasshen kifi, shi kuma yana aiko mana da dawa. Kowace kaka nakan je in taya shi yanka. Yakan kira ni ɗan kifi, yana cewa hannuna ya fi sanin ƙaya da lauje. Gonar nan ita ce abincin gidansa kaf, shi da 'ya'yansa da jikoki, kuma ba shi da takardarta, kamar yadda babu wanda yake da ita a can.

Akwai abin da kowa ya sani a wajenmu, na tudu da na bakin ruwa. Ba a nuna iyakar gonar wani. Mai gona ne yake nunawa da ƙafarsa, maƙwabtansa na tsaye. Ko an tambaye ka, cewa kake yi a jira mai ita.

Ba mu tarar da Baba ba, ya tafi gaisuwar mutuwa wani ƙauye. Ruwan ya tsaga gonar biyu, ramin ya fi tsayin mutum. Dogon ya sauka ciki da takalmansa masu tsada, ya riƙa ɗibar yashi da wasu fararen duwatsu yana zubawa a ƙananan ledoji. Gajeren ya ce za a auna ne a ga ko ƙasar za ta sake ba da amfani. Amma na lura daga can ƙasan ramin dogon yake ɗiba, inda saiwar dawa ba ta kaiwa. Ta sama, wadda ake shuka a ciki, bai taɓa ta ba.

Da dogon ya fito sai ya zana wani abu a takarda, ya nuna ɗorawar da ke tsakiya ya ce wa abokinsa gonar ta ƙare a nan, sauran daji ne. Da Hausa ya faɗa, alhali tun safe Turanci suke yi a tsakaninsu.

Ni kuma ban iya ganin ana rubuta abu ba daidai ba. Haka nake tun ina makaranta. Na ce a raina, in taimako za a bayar, za a rage wa tsoho rabonsa. In kuma takardar ta tafi ofis da cewa daji ne, wata rana wani zai zo ya ce ba mai shi. Sai na ji bakina yana cewa a'a, ranka ya daɗe, ba nan ta tsaya ba. Na shiga gaba. Daga suri na bi layin gamba har dutsen da ya rabe biyu, na gangara zuwa kututturen kirya, na dawo ta bakin rafi. Dogon yana bina da wata na'ura rawaya mai kama da wayar hannu, duk kusurwar da na tsaya sai ya danna. Da muka gama ya ce na gode, malam, ya yi murmushi. Shi ne kaɗai murmushinsa duk yinin.

Tun kafin mu koma mota na gane na karya ƙa'idar wajenmu. Da la'asar suka ajiye ni a mararrabar Wara, suka nufi hanyar Yelwa. Ban san sunan ko ɗaya ba.

Taimako bai zo ba, ko daga wajensu ko da sunansu. Ni kuma na kasa zuwa wurin Baba. Kullum in ce gobe. Sai da rani ya yi nisa na ɗaure kifi na hau tudu. Ya amsa gaisuwata, ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce in taso. Ya kai ni gindin suri. Ga turken ƙarfe a kafe cikin siminti, an shafa wa kansa jan fenti. Akwai wani a dutsen da ya rabe, wani a kututturen kirya, wani a bakin rafi. Ko taki ɗaya ba su kauce daga inda na tsaya ba. Ya ce ranar kasuwa aka kafa su, da mutane suka watse.

"Wanda ya kafa wanga abu ya san gonata kamar ni," in ji shi. "Mu huɗu munka san ta haka. Biyu sun mutu."

"Ni ne, Baba."

Na faɗa masa komai, har da dalilina. Ya saurara bai katse ni ba. Sannan ya ce mahaifina ya fi shekara talatin yana shiga gonar nan, bai taɓa nuna wa baƙo ko kututture ba. Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi kifin, ya sa aka auno mini dawa kamar kullum. Da zan tafi ya ce in sauka lafiya, malam.

Na koma wurin mai unguwa. Ya ce shi ya ɗauka daga wurin hakimi aka turo su. Na je gidan hakimi, aka ce ba a san da zuwansu ba. Wani ya ce mini masu awon hanya ne. Wani ya ce masu neman zinare ne, kuma duk wanda ya zagaya yankinmu ya ga yadda gona take komawa in masu haƙa suka sauka: ramuka, da ruwa mai launin tsatsa. Zatona ya fi karkata nan, amma zato ne. Ina kuma zaton dogon da gangan ya faɗi iyakar ba daidai ba, don ya ga irin mutumin da nake. Wannan ma ban da shaida.

'Ya'yan Baba suna son su tumɓuke turakun su jefa a rafi. Ni na roƙe su su dakata, kada ya zama laifin da za a kama tsoho da shi. Sun dakata saboda ubansu ya ce a dakata. Yanzu ban sani ba ko wannan shawarar ma kuskure ce, ko barin turakun yana nufin an yarda. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Baba bai yi sharar gona ba.

Don haka nake roƙon mai karatu. In akwai wanda ya san ma'anar turken ƙarfe mai jan kai a kusurwar gona, ko ya taɓa ganin irinsa a wajen Shanga ko Ngaski ko Yauri, ya taimaka ya faɗa mini abin da ya biyo baya. Ina son in sani ko mai gona zai iya shuka, ko cirewa laifi ne, da kuma ofishin da mutumin da ba shi da takarda zai je a saurare shi. A bar saƙo wurin masu banda a kasuwar Wara, a ce a ba wanda ya shiga jif; sun san ni da haka. In da hali, ya iso kafin ruwan shuka ya sauka.