Shi Ya Mutu, Shi Yana Gida

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Anti Talatu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye a bakin titi ina jiran motar zuwa ofis. Ƙaninta ne ya kira. Na ɗauka zai ce in gaya wa oga ba za ta samu fitowa ba, sai na ji yana cewa bayan sallar asuba ta ce kanta na sara mata, ta ɗan kwanta, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Na ce masa, "Wace Talatun?" Wallahi haka na ce, kamar ina da wata.

An yi jana'izarta a Karshi, nan gefen Abuja, bayan azahar. Yanzu na shigo gida, ko takalmi ban cire ba.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce babbarmu a ɓangaren da nake aiki. Idan kotu tana da yaro ko yarinya da ake shakkar hankalinsa, musamman wanda ya kusa cika sha takwas, mu ake turo wa. Mu zauna da shi, mu saurare shi, mu rubuta wa alƙali ko zai iya yanke wa kansa shawara ko sai an naɗa masa mai riƙe shi. Takarda ce shafi uku ko huɗu, amma tana iya bin mutum har tsufansa. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, shekarata biyu a aikin. Ina rubutawa, wani babba mai lasisi, ita ko oga, ya sa hannu.

Ba ta taɓa kirana da sunana ba. Bakano take ce mini.

Kularta kullum abincin mutum biyu ce. Ta buɗe, ta turo mini cokali, ta ce, "Ci, Bakano. Nan ƙasar doya ce, ka daina mafarkin gurasa." Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti, sati biyu ta riƙe mini aikina, da na dawo zan yi godiya ta ce in tashi mata daga kan kujera, ina tare mata fanka.

Ban taɓa ganin ta zauna da yaro akwai tebur a tsakaninsu ba. Tabarma take shimfiɗawa, ta cire tabarau, ta fito da gyaɗa daga durowa. Tana yawan ce mini, "Kada ka tambayi ko yaro yana da hankali. Ka tambayi ko ya gane wannan shawarar da ke gabansa. Su biyun ba ɗaya ba ne."

Yanzu zan faɗi abin da ya hana ni zama tun safe. Na san wasu za su ce ba ranarsa ba ce, amma ba ni da wata ranar.

Wata uku da suka wuce, Anti tana hutun aikin ido, kotu ta turo mana wata yarinya daga Orozo. Aikinmu bai yarda in faɗi sunanta ba, bari in ce Laraba. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, babanta ya rasu bara, tana hannun kakarta. Tana da farfaɗiya, kuma maganarta a hankali take fita. Ƙanen babanta ne ya shigar da ƙara. Ya ce ba ta da hankali, a naɗa shi mai riƙe ta ko bayan ta cika sha takwas. Har ya samo wani gida da ake ajiye masu taɓin hankali inda zai kai ta, gidan da babanta ya bari kuma ya dawo hannunsa.

Ni na zauna da ita.

Na ce, "Ina babanki?"

Ta ce, "Shi ya mutu bara."

Muka yi gaba. Can na ce, "Wa yake ba ki magani?"

Ta ce, "Shi ne yana ba ni, da safe da yamma. Shi yana gida yanzu, yana jirana."

Ina tuna yadda na ji a lokacin, kuma shi ne yake cin raina. Daɗi na ji. Na ga kamar na kamo abin da muka karanta a makaranta da hannuna. Na rubuta cewa yarinyar ba ta yarda babanta ya mutu ba, tana ganin shi yake ba ta magani, ba ta bambance abin da ke nan da abin da babu. Na ce ba za ta iya yanke wa kanta shawara ba. Oga ya sa hannu, ban ga ya juya shafi na biyu ba. Takarda ta tafi kotu.

Ban ce mata "shi wa?" ba. Kalma biyu kacal.

Da Anti ta dawo, ta ɗauki fayil ɗin da idonta guda da ke gani sosai. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ce, "Bakano, zo nan. Wa ke ba yarinyar nan magani?"

Na ce, "Ta ce babanta."

Ta ce, "Ta ce babanta, ko ta ce shi?"

Ta rufe fayil ɗin. Ranar kasuwar Karshi ta sa ni a gaba, ta zaunar da ni kan benci kusa da wata mai doya, ta ce kada in buɗe baki. Ko minti biyar ba mu yi ba matar ta fara ba wata labari: "Yarinyana ya haihu jiya. Shi ya samu namiji."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Laraba kakarta take nufi. Tsohuwar ce "shi" ɗin da ke gida yana jiranta.

Abin haushin, ba baƙon abu ba ne a kunnena. Shekara biyu ina jin Hausar nan a Abuja, a mota, a shago, a bakin mai gadinmu. Har kwaikwayonta nake yi wa abokaina in na je Kano, mu yi ta dariya. Amma ranar da na riƙe fom da biro, sai na manta, na saurari yarinyar Orozo da kunnen Ƙofar Mata.

A hanyar dawowa Anti ta ce, "Yarinyar nan tana da yarenta. Ta ajiye shi a bakin ƙofa, ta ari naka don ka ji ta. Kai kuma ka auna hankalinta da kayan aro." Iyakar faɗan da ta yi mini ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta rubuta wa kotu tana neman a ba ta lokaci ta sake duba yarinyar. Ba ta rubuta dalili ba, don ta rufa mini asiri. Ta ce idan sabon rahoto ya shiga, shi zai danne tsohon, babu wanda zai tono sunana. Sau biyu aka ɗage zaman. A na biyun alƙali ya ce daga wannan babu ƙari, domin ƙarshen watan nan yarinyar za ta cika sha takwas, kuma zai yanke hukunci da abin da ya tarar a fayil. Alhamis ɗin nan ne zaman.

Sau uku muka je Orozo. A gindin mangwaron gidan suke zama ita da Laraba, su yi ta magana da yarensu, Anti tana juya mini kaɗan-kaɗan. Ta tambaye ta in alƙali ya ce ta bi ƙanen babanta, me zai faru. Laraba ta ce matarsa ba ta taɓa ta in ta faɗi, tana tsoron miyau, Kaka ce kaɗai ta san yadda ake juya ta gefe. Anti ta ce to in ta zauna da Kaka fa, babu matsala? Laraba ta ce akwai. Ta ce Kaka ta tsufa, wata rana ba za ta tashi ba, kuma ta riga ta yi magana da wata ƙanwar mamanta a Bwari saboda wannan ranar.

Anti ta mintsine ni a hannu har sai da na yi ƙara.

Ranar Juma'a muka rabu a bakin ƙofar ofis. Tana gyara mayafi, tana mitar cunkoson hanyar Nyanya. Ta ce, "Litinin mu zauna mu gama da takardar nan. Ni in faɗa, kai ka buga. Yatsun da suka ɓata su za su gyara." Har ta shiga mota ta leƙo ta taga ta ce, "Ka zo da wuri, kada ka tsaya wajen mai shayi."

Yau ce Litinin ɗin. Na fito da wuri.

Kafin mu kama hanyar Karshi na buɗe durowarta. Littafinta yana nan. A shafin Laraba akwai ranakun da muka je, sai layi ɗaya: ta gane, ta riƙe, ta auna. Babu bayani, babu sa hannu. Anti a ka take ajiye aikinta, sai ranar rubutu take sauke shi.

Na tari oga bayan an dawo daga maƙabarta. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya sassauta murya ya ce, "Nura, rahoto yana fayil da sa hannuna. So kake in je in gaya wa alƙali na sa hannu a abin da ban karanta ba? Yau ranar makoki ce, ka bar maganar nan." Na kira mutum ɗaya da na sani mai lasisi a wani asibiti. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce ba zai sa hannu a kan yarinyar da bai gani ba, kuma layinsa ya kai wata biyu. Ban ga laifinsa ba, da Anti ce ita ma haka za ta ce.

Ina tsaye a ƙofar gidan rasuwar sai ga babur ya sauke su, Laraba da kakarta. Ban san wa ya gaya musu ba. Tsohuwar ta shige wajen mata tana kuka. Laraba ta tsaya a gabana.

Ta ce, "Madam ya ce shi zai zo kotu da ni."

Na ce, "Haka ta ce."

"Yanzu wa zai gaya wa alƙali?"

Na ce, "Ni zan gaya masa."

Ta dube ni, ba da fushi ba. Ta ce, "Kai ne ka rubuta na farko. In ka ce wani abu yanzu, alƙali zai yarda da wanne?"

Tun safe nake riƙe hawayena, a nan suka ƙwace mini. Lauyan ƙanen babanta ma ba zai yi mini tambayar da ta fi wannan ba, kuma daga bakin wadda na rubuta cewa ba ta iya auna magana ba ta fito. Babu alƙali a wajen, babu mai rubutawa. Ni kaɗai na ji, ni da maganata ba ta da nauyi a kotu.

Alhamis zan je. In an ba ni dama zan miƙe in ce na yi kuskure, in faɗi yadda aka yi, ko da aikin zai tafi. Ban san ko ana barin irina ya yi magana ba. Ban san ko zai canza komai ba. Gaskiya zuciyata ba ta ba ni zai canza, kuma ina jin tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

Don Allah kada ku cika mini wajen nan da "ba laifinka ba ne". Na san na wa ne.

Ya Allah, ga baiwarka Talatu ta zo maka. Ta rufa asirin bayinka, ka rufa nata. Ta saurari waɗanda ba a saurara, ka karɓe ta da rahama. Ka yafe mata kurakuranta, ka haskaka kabarinta, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Ka ba 'ya'yanta da 'yan'uwanta haƙurin da ni na kasa samu yau.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. Ku haɗa da yarinyar nan da kakarta, Musulminku da Kiristanku, kowa da bakin da ya iya. Ku roƙi Allah ya buɗe kunnen alƙalin.

Saura kwana uku.