Mai Wuƙa da Bahago

A shekarar da maɗaba'a ta sayo injin yankan takarda suka haɗu, shi da Bahago. A lokacin aiki yana da tsari. Mutum biyu ne a kan injin: ɗaya ya daidaita tulin takarda a ƙarƙashin wuƙa, ɗaya ya ja ƙarfen da ke sauko da ita. Kafin ya ja sai ya ce, "Hannu?" Abokin aikinsa ya amsa, "Na janye." Shi ne mai ja, shi ya sa ake ce masa Mai Wuƙa. Shekara ashirin da biyu ko farcen Bahago bai taɓa yankewa ba.

Ya sha giya a ƙuruciya, kowa ya sani, amma ya bar ta shekara tara cur. Sai aka kawo sabon manaja, mai yawo da agogo a tafin hannu, kullum zancensa za a rage ma'aikata. Barci ya ƙaurace wa Mai Wuƙa, abinci ya ƙi shiga. Wata Asabar ya biya gidan giya, wai kofi ɗaya. Bai dawo hayyacinsa ba sai Litinin.

Ya iso aiki hannu na rawa, ya ja Bahago bayan tulin kwali.

"Mutumina, na faɗi. Amma na tashi, wallahi. Riƙe mini ƙarfen, ni in daidaita takarda, har hannun nan ya tsaya."

"Haba, ɗan wannan? Ba mai ji daga bakina."

Kwana shida Bahago ya ja ƙarfe. A na bakwai manaja ya tsayar da Mai Wuƙa a bakin ƙofa, gaban kowa, ya ce, "Hura mini baki." Daga ranar kullum da safe sai ya hura kafin ya shiga. Aka mai da shi teburin ninke takarda, aka bar wa Bahago ƙarfen.

"Ritsa ni ya yi da tambaya," in ji Bahago. "Da 'ya'ya bakwai, in ce masa me?"

Wata mai ninki ta jira ya wuce, ta ce wa Mai Wuƙa, "Baba, ba wanda ya tambaye shi. Da ƙafarsa ya shiga ofis."

Ran nan da aka tashi aiki ƙishin giya ya taso wa Mai Wuƙa. Gidan giyar yana kan hanyarsa ta gida. Ya daɗe tsaye a mararraba, masu keke na zaginsa, yana cewa a ransa tun da an riga an yi masa tambarin mashayi, mene ne saura? Sannan ya juya ya bi ta bayan asibiti, ƙarin tafiyar minti arba'in. Washegari ma haka.

"Baban yara," in ji matarsa, "takalmin nan ya kusa buɗe baki ya yi ƙararka."

Bayan wata bakwai aka samu babban aikin littattafan makaranta. In ban da Bahago, ba wanda ya kai Mai Wuƙa iya daidaita takarda, dole manaja ya mai da shi gefen injin. Nan ya lura Bahago yana kanne ido a kan ma'auni, yana sa shi a karkace. Ashe idon Bahago ya soma rauni. Tsakanin injin da ƙofar ofis taku goma ne. Mai Wuƙa ya dubi ƙofar, ya miƙa yatsa ya gyara ma'aunin. Kwana shida yana gyarawa, bai taka ƙofar ofis ba.

A na bakwai, suna wanke hannu, ya ce, "Je ka ga likitan ido, tun manaja bai gani da kansa ba."

Bahago ya sunkuyar da kai. "Mutumina..."

"Kada ka ƙara kirana haka."

Ya goge hannunsa, ya ɗauki hularsa, ya bi ta bayan asibiti.