Sifanar Dogara

Damina bakwai ke nan cif da muka kai Dogara makwancinsa a ƙauyensu, gindin dutsen Kagoro. Har yau in gajimare ya sauko ya rufe kan dutsen nan da hantsi, sai in ga kamar zai ɓullo daga ciki a kan kekensa, yana murza feda da hannu biyu, yana fito.

Ga wanda bai san mu ba, ni da Dogara shan inna ce ta taɓa mu tun muna yara. Ni ina gyaran takalmi kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, shi kuma yana walda a hanyar kasuwa. Yakan tsaya gaban rumfata ya ce, "Malam Ɗanjuma, kai dai da ban dariya kake. Mutum ba ya sa takalmi, amma shi ne likitan takalmi!" Ni kuma in ce masa ya je ya koyi Hausa tukuna, don shi mace da namiji duk "ya zo" ne a bakinsa. Ranar Lahadi yana coci, ranar Juma'a ina masallaci. Asabar kuwa tamu ce, ranar da mu guragun gari muke haɗuwa mu yi tsere da kekunanmu masu taya uku, daga shataletale mu miƙe hanyar Kagoro mu dawo.

Ba yabon kai ba, a lokacin babu mai kamo ni. Shekara uku Dogara yana bina a baya, yana shan ruwan taɓon tayata. Ni ma ban raga masa da baki ba, Allah ya yafe mini.

Sai wata damina aka aiko wani mai horar da 'yan wasa daga Kaduna. Ya ce mutum ɗaya tak zai ɗauka, wanda ya zo na farko, a kai shi sansanin horo, a ɗora shi kan keken tsere na gaske. Mutum ɗaya! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dogara ya yi wata guda yana hawan gangaren bayan gari kafin ya buɗe shago, har tafin hannunsa ya yi kanta kamar bayan fata. Matarsa, Maman Rahila, ta ce mini har jaka ya saya ya ajiye.

Ranar tseren an yi yayyafi da safe, kwalta tana sheƙi. Mu tara muka tashi. Kafin a juyo na ba kowa rata, Dogara na biye da ni, can baya kuma wani Sani mai sayar da goro. A dawowa, daidai wani kwalbati da ke kusa da gonar citta, sai na ji fedar ta yi sakayau a hannuna. Kaca ta zame, ta maƙale tsakanin taya da ƙarfe. Mai ƙafa zai dira ya tsuguna ya gyara. Mu kuwa sai ka sauko daga kujera, ka ja jiki zuwa tayar gaba, kuma in kaca ta maƙale haka, sai an sassauta noti. Ba ni da sifana. Na zauna a kan jiƙaƙƙiyar kwalta ina jan kaca da yatsu, ina jin Kaduna tana yi mini nisa.

Na ji ƙarar keken Dogara ta taho. Na sunkuyar da kai don kada in ga fuskarsa sa'ad da zai wuce. Sai ƙarar ta tsaya.

Dogara ya sauko, ya jawo jiki ta cikin ruwa, ya kwance sifanar da kullum take ɗaure da jar roba a ƙarƙashin kujerarsa. Wallahi ban ji daɗi ba. Raina ne ya ɓaci. Duk wanda ya tashi a gurgu ya san ɗacin tausayi, irin na mai jefo maka kuɗi a cinya kana zaune kana jiran kwastoma. Na daka masa tsawa, "Wuce abinka! Na ce maka bara nake yi?"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Riƙe mini taya, surutu ya yi yawa."

Muna nan hannu dumu-dumu da baƙin mai, Sani ya zo ya wuce mu kamar iska. Ban ga laifinsa ba, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Dogara ya ɗaure noti, ya koma kekensa, ya jira har na hau nawa, ya daidaita tayarsa da tawa. Sannan ya ce, "Ka shirya? To, kama feda."

Abin da ya biyo baya shi ne ban taɓa mantawa ba. Na ɗauka mutumin da ya yi mini wannan zai sassauta, mu shiga gari tare ana tafa mana. Ina! Dogara ya murza kamar ana korarsa da wuta. Na zuba duk ƙarfin da ke ƙirjina, har ina jin ɗanɗanon jini a maƙogwaro, amma ya riga ni shataletale da tsawon keke guda. Sani na ɗaya, Dogara na biyu, ni na uku. Sani aka tafi da shi Kaduna. Jakar Dogara kuwa, 'yarsa Rahila ce ta ƙarasa zuwa makaranta da ita.

Sati biyu ban yi masa magana ba, don kunya da haushi sun haɗu sun tokare ni. Shi ya zo da kansa, da takalmin matarsa a hannu wai a ɗinke. Na ce masa, "Me ya kai ka? Da yanzu kana Kaduna." Ya yi dariya ya ce, "Malam, shekara uku ina shan wahala don in wuce ka. In na wuce ka kana zaune a bakin hanya, wa na wuce?" Na ɗinke takalmin, na ƙi karɓar ko sisi, amma kalmar na gode ta ƙi fita. Kullum ina cewa sai gobe. Mai horarwar nan bai sake dawowa ba. Bayan wasu shekaru zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke Dogara, goben tawa ba ta zo ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu sunanmu masu buƙata ta musamman, kuma na san zai ce buƙatarsa ta musamman ita ce a cike ramukan hanyar Kagoro. Mata sun shigo tseren Asabar, akwai wata Ladi daga Zonkwa da take barin maza suna haki, wannan kam zai yi masa daɗi. Matasanmu suna nuna mini a waya kekunan tsere marasa nauyi, dogaye kamar kwalekwale, kuma na san da ya gani sai ya kwana uku a shago yana ƙoƙarin haɗa irinsu da bututun ruwa. Abin da zai ƙona masa rai shi ne masu zuwa su ɗauke mu bidiyo, su ɗora kiɗan makoki a kai, ana ta rubuta "Allah sarki". Mu muna gumi muna neman na ɗaya, su suna yi mana ta'aziyya.

Ranar jana'izarsa na zauna a bakin ƙofar coci. Fasto ya ce a gidan Ubangiji Dogara zai yi tsalle da ƙafafu biyu, jama'a suka ce amin. Ni ma na ce amin. Amma ni dai duk sa'ad da na gan shi a mafarki, a kan kekensa yake, jar robar nan tana reto a ƙarƙashin kujera, kuma ban taɓa ganin ya rasa komai ba.

Bayan an share makoki Maman Rahila ta zo rumfata da abu a naɗe cikin tsumma. Ta ce, "Baban Rahila ya ce a kawo maka, wai kai ba ka yawo da shi." Sifanar ce, mai lamba goma sha biyar, duk ta goge saboda riƙo. Yanzu kafaɗuna sun gaji, ni ke busa usur ranar Asabar. Doka ɗaya na kafa: keken da ba shi da sifana ba ya shiga layi. In sabon zuwa ya ce kekensa lafiya ƙalau, sai in ce masa ai ba don kekensa ba ne. Sauran kuma ya rage nasa, ni ban taɓa ce wa kowa dole ya tsaya ba. Na dai ce in ka ta da mutum, kada ka raina shi da sassauci.

Dogara bai bar kofi ko lambar yabo ba. Shagonsa ma yanzu wurin cajin waya ne. Abin da ya bari ƙarfe ne mai tsawon tafin hannu, da wani irin tausayi da ban taɓa samu a wurin kowa ba, wanda ya ɗaga ni daga ƙasa kuma bai rage mini daraja ba.

Da azahar, in aiki ya lafa, ƙamshin citta yana tasowa daga motocin Kachia, nakan jingina da bangon tasha gyangyaɗi ya ɗauke ni. Sai in gan mu a kwalbatin nan, yayyafi na sauka, gajimare ya sauko har kan gonaki, hanya ba kowa sai mu biyu. A nan kam bakina yana buɗewa. Ina cewa, "Dogara, na gode." Shi kuma ya goge hannu a wando ya ce, "Ka gama? To, kama feda."

Kuma har yau, ko sau ɗaya, bai bari na riga shi shataletale ba. Ranar da ya bar ni na wuce, zan san ba Dogara ba ne.