Aikin da Na Nema wa Karena

Abu biyu na fito da su daga ƙauyenmu na bayan Fakku: butar alwala da kare. Butar ni na ɗauko ta. Karen shi ya biyo ni. Ba zan ja magana kan abin da ya kore mu ba. Mutanen daji sun shigo, sun yi abin da suka yi. Ɗana namiji yana cikin waɗanda muka rufe washegari. Uwarsa ba ta ga girbin shekarar ba. Sauran 'ya'yana mata ne, kowacce tana ɗakin mijinta a nesa. Na zauna Kebbe ɗan lokaci a rumfar wani, sannan ɗan ƙanena ya aiko mai babur ya kawo ni Tambuwal. Karen na rungume shi tsakanina da mai babur, mutumin yana tsaki har muka iso.

Jan kare ne irin namu na ƙauye, siriri, kunne ɗaya a yanke. Ban taɓa raɗa masa suna ba. In ina nemansa fito nake yi. Da ƙarfinsa shi ke korar birai daga gonar dawa, shi ke bin tumakina. Ba wasa ya haɗa mu ba, aiki ne.

Ɗan ƙanena mutumin kirki ne, na faɗa tun yanzu don kada a ɗauka wani abu. Taki yake sayarwa a kasuwa. Ya ba ni ɗakin da ke jikin zaure, matarsa ba ta taɓa barina da yunwa ba. Karen aka ce ya kwana waje, gindin darbejiya, kusa da turken ragunan da yake kiwo. Da farko ba wanda ya ce komai, don yana haushi in baƙo ya matso turken.

Sai tsufa ya zo mana tare. Bakinsa ya yi fari. Na yi fito bai juyo ba, na gane kunne ya tafi. Ido ya yi hazo kamar ruwan tsari. Haƙora suka fara zuba, ƙashi ya gagare shi. Ni kuma wata safiya na tashi zan ɗauki buta, hannun hagu ya ƙi. Ƙafar ma haka. A asibiti suka ce jini ne ya hau, Allah ya taƙaita bai shanye ni duka ba. Suka ba ni ƙwayoyi, suka ce in rage gishiri, in riƙa tafiya kullum ko kaɗan ce.

Ban yi tafiyar ba. Ina zan je? Ba ni da gona a garin, ba ni da tsara. Mutanen da suka san ni ina saurayi wasu suna ƙasa, wasu sun watse. Nakan fito in zauna kan tabarma a gindin darbejiya, karen yana kwance can gefe. Yini guda maganar da zan yi ba ta wuce amsa sallama da godiyar tuwo. Masallacin ƙofar gida kaɗai nake jan ƙafa in je. Na fara jin cewa jira nake yi, kuma na san abin da nake jira.

Ranar da abin ya ɓaci, na ɗan yi gyangyaɗi bayan azahar. Karen ya tashi neman ruwa, ido babu, ya faɗa zaure. Ya sha daga bokitin alwalar mai gida, ya sami darduma a shimfiɗe ya kwanta a kai. Haka ɗan ƙanena ya tarar da shi, ga baƙi biyu abokan kasuwa a bayansa. Bai yi faɗa ba. Matarsa ta fito da bokitin tana dirza shi da ƙasa, aka jiƙa dardumar. Bayan baƙin sun tafi ya zo ya durƙusa gabana.

"Baba, karen ga ya gama aiki nai," in ji shi. "Ba ya ji, ba ya gani. Kare marar aiki a gida, lada ce ke zuba kullum. Ranar kasuwa in sa a kai shi daji wajen Sanyinna a sake shi."

Na san yadda ake yi. A buhu ake sa su don kada su gane hanyar dawowa. Wannan ko ba buhu ba zai gane ba. Zai zauna inda aka ajiye shi, yana jiran fitona, har ƙishirwa ta gama da shi. Ban ja da shi ba. Gidan wani ne, tuwon wani nake ci, kuma abin da ya faɗa ni ma haka na taso na ji.

Washegari da hantsi na ɗauki sanda na nufi zauren limamin unguwa. Yana can ƙarshen layi. Tun da ciwon ya same ni ban yi nisa haka ba, sai da na huta a dakalin wani gida. Na tarar da shi yana ɗinkin hula, tsoho ne kamata. Na faɗa masa yadda ake ciki. Ya ce abin da ya sani, an yarda a riƙe kare don farauta, ko kiwo, ko gadin gona. Ya tambaye ni wanne nawa yake yi. Na ce babu. Ya ci gaba da ɗinki. Can ya ce amma a jefar da dabba ta mutu da ƙishirwa, wannan ma za a tambayi mutum a kansa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, in kare na gadi amma bai iya ba fa?"

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Ni dai ban ga inda aka ce sai gwani ba. Masu gadi nawa ke barci a kasuwa?"

Akwai wani mai lambu da muke sallah sahu ɗaya, mutum mai baki, kullum cikin ƙorafi. Lokacin an gama kaka, an saki dabbobi, awakin gari suna tsallake shingensa a fadama suna cinye latas, suna tattake albasa. Bayan la'asar na tare shi na ce ina son gadin lambun, ni da karena. Ya dubi sandata, ya leƙa ya dubi karen da ke kwance ƙuda na bin kunnensa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya tambaye ni cikinmu wa zai yi gadin wani. Na ce awaki yake so a kora, za a kore su. Ya tambayi ladan aiki, na ce ba na so. Abu ɗaya nake so: duk wanda ya tambaya, ya ce karen nan gadin lambunsa yake yi. Ya ce bai taɓa sayen ƙarya da araha haka ba. Na ce ba ƙarya ba ce, kullum zai same shi a bakin aiki.

Ɗan ƙanena ya saurare ni har na gama. Ya ce in dai haka ne shi ba shi da ta cewa, sai dai kada karen ya sake shiga zaure. Abin da ya dame shi nisa ne. Ya ce fadama ba nan kusa ba ce, zan faɗi a hanya. Na ce in na faɗi a ƙasa zan faɗi. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, ba a kawo buhu ba.

Haka muka fara. Bayan asuba in ɗaura masa tsumma a wuya, in riƙe bakin tsumman da hannun da ba ya aiki sosai, sanda a na dama. Ina jan ƙafar hagu, shi yana jan na baya. Masu babur suna kauce mana, wasu suna gaisuwa, wasu suna dariya. Kwanakin farko sai rana ta ɗaga muke isa, ina haki kamar zuciya za ta fito. Akwai safiyar da jiki ya ce a'a. Amma in na kwanta ranar nan, karen ba shi da aiki ranar nan. Sai in tashi.

Mai lambu ya kafa mana 'yar bukka ta kara a gindin giginya. Na shimfiɗa wa karen tsohon buhun taki, na ninka shi don ƙashinsa ya fito. Gadin kuwa ni nake yi. In awaki suka doso in tashi in yi musu jifa da hoge, in zaga shinge in toshe inda suka ɓula. Shi sai sun yi nisa yake ɗaga kai. Wata rana ya ji warinsu ya yi haushi sau ɗaya, yana fuskantar inda babu kowa. Mai lambu ya ba da labarin nan a ƙofar masallaci har aka gaji, yana cewa karensa aljanu yake kora, awaki sun yi masa ƙanƙanta.

Kula da tsohon kare ba wuya, sai dai ba ya ƙarewa. Tuwon da aka kawo mini da dare nakan raba, in jiƙa rabonsa da ruwan ɗumi har ya zama kamar kunu. Wani mahauci ya riƙa zuba mini romon da ya rage a gwangwani, bai taɓa tambayata dalili ba. Kaska nakan cire da hannu, daga kunne da tsakanin yatsu, in jefa a wuta. Gwiwoyinsa sun yi kanta sun tsage, ina shafa musu man kaɗe. Inda ya yi gyambo in wanke da ruwan dafaffen ganyen darbejiya. Ya zama riga biyu gare ni, ta kare da ta sallah. Ta sallah tana rataye a jikin bukka. In lokaci ya yi in wanke hannu da ƙasa da ruwa, in canza, in yi sallata, in mayar.

A nan na fara yi masa magana, abin da ban taɓa yi ba yana da kunne. Ina cire kaska ina faɗa masa wanda ya mutu da wanda aka ce ya koma ƙauye. Na faɗa masa abubuwa game da ɗana da ban faɗa wa mutum ba. Ba ya ji. In na ɗora hannu a haƙarƙarinsa yakan buga wutsiya a ƙasa, shi ke nan.

Ban lura da lokacin da jikina ya sake ba. Wata yamma mun kai rabin hanyar gida na ga ba sanda a hannuna, na bar ta jingine a bukka. Hannun hagu, saboda riƙon tsumma da cirar kaska, ya fara damƙe abu. Barci ya dawo, tuwo ya fara yi mini daɗi. Da na koma asibiti, matar da ke awon jini ta ce ya sauka, ta tambaya ko na canza wani abu bayan ƙwayoyin. Na ce na sami aiki.

Ƙafata tana dawowa, tasa tana tafiya. Da zafi ya shigo, na baya suka daina ɗaukarsa. Nakan zura tsohon rawani ta ƙarƙashin cikinsa in ɗaga, ya taka da na gaba, mu je ya yi bukatarsa mu dawo. Hanyar gida ta fi ƙarfinsa. Na gwada goya shi a kafaɗa, ya yi kuka, na sauke.

Lokacin ne kuma aka cire albasa. Lambu ya zama fili, awaki suka shiga ba mai hana su. Ɗan ƙanena ya zo har fadama a kan babur, karo na farko. Ya tsaya yana kallon karen a kan buhu. Ya ce gadi ya ƙare, kuma dabbar tana wahala, in bar shi ya yi abin da ya ce tun farko, in dawo gida in huta. Ba da mugunta ya faɗa ba.

Na ce, "Ɗana, nan nika zama har shi gama."

Mai lambu yana gefe yana ɗaure buhu. Bai ɗago ba ya ce albasar da bai sayar ba tana rumbu can kan tudu, ɓarayi sun fi awaki son ta, kuma shi bai sallami ma'aikatansa ba. Ɗan ƙanena ya hau babur ya tafi. Da yamma sai ga shi ya dawo da tabarmata da gidan sauro da kwanon tuwo. Ya ajiye ya koma. Kullum haka ya riƙa kawowa da kansa.

Muka mayar da bukka kusa da rumbu. A nan muka yi sauran bazara. Ya daina cin tuwon, sai romo, daga baya sai ruwa da nake ɗiga masa da tsumma. Ranar da hadarin farko ya haɗu, iska ta kawo ƙamshin ƙasa, ya ɗaga hanci ya shaƙa. Na je rufe rumbu da leda don kada albasa ta jiƙe. Da na dawo na tarar ya mutu.

A garin nan mataccen kare juji ake ja a kai. Na ari fartanya na haƙa rami a gefen shinge, da hannu biyu. Na sa shi a ciki da rawanin. Buhun na bar shi waje, ban so ya shiga ƙasa da buhu ba.

Na koma ɗakina na jikin zaure. Har yanzu bayan asuba nakan tafi fadama in dawo, damina ko rani, don ƙafa ta saba kuma zama yana ba ni tsoro. Ba mai dariya a hanya yanzu, ba abin dariya. Mai lambu ya kawo mini ɗan kwikwiyo cikin kwali, ja kamar wancan. Na duba shi na ce ya mayar. Wannan zai tsufa ba na nan, kuma ban san wanda zai nema masa aiki ba.