Minti Goman da Na Hana Ta

'Yata ta fari ce, don haka ba na kama sunanta, ba na kuma zama doguwar hira da ita. Haka muka taso a cikin birni, kunya ce. Tana shekarar ƙarshe a kwalejin horar da malamai ciwon ya same ta. Tana zaune lafiya sai gabanta ya faɗi, zuciya ta yi ta bugawa, hannuwa su yi sanyi, numfashi ya ƙi shiga. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi. Daga baya ƙanwar babanta ta kai ta asibiti can wajen Wusasa. Likita ta ce zuciyarta lafiya lau, ciwon fargaba ne. Ta ba ta magani da wata takarda.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin girki, ta zauna shiru, ido a rufe, hannu bisa cinya. Ba carbi, ba littafi.

A gidanmu in aka ga mutum ya yi tagumi, cire masa hannu ake yi. Ni kuwa a idona wannan zama tagumi ne. Na ce a raina tunani ne ke cin yarinyar nan, aiki kuma shi ke korar tunani. Sai in leƙa in ce, "Ke, zo ki tsince min shinkafa." Gobe in ce ta kai markaɗe. In babu aiki ma sai na ƙirƙiro.

Rannan ta ce, "Inna, minti goma kawai."

"Minti goma na me? Ko kin zama gunki ne? Tashi, zaman shiru ba ya kawo alheri."

Ta yi 'yar dariya ta ce, "To, Hajiya mai rabon aiki." Na ji daɗin dariyar, na ɗauka na yi magani. Ba a yi wata ba ta daina shimfiɗa tabarmar.

Ranar jarrabawa abin ya taso mata a cikin aji. Ta ajiye biro ta fito. Daga Ƙofar Doka da ƙafa ta tako har gida, ko keke ta kasa tsayarwa. Ba ta koma ta rubuta sauran ba.

Bayan haka, wata rana ina kakkaɓe ɗakinta na tsinci takardar likitar, da Hausa aka rubuta. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da yatsa nake bi, na daɗe a kai. An ce ta zauna kullum ta saurari numfashinta. In tunani ya zo ta lura da shi, ta bar shi ya wuce, kada ta yi kokawa da shi. Ta saba tun ana lafiya, domin ranar da abin ya taso ta sami abin riƙewa. A can ƙasa an ce ta roƙi mutanen gida su ba ta wuri. Ba ta iya gaya min ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ko zaman nan zai iya kai ta ƙarshen jarrabawa, Allah ne masani. Na dai cije na same ta a ɗaki, na ce ta sake rubutawa baɗi, ni da kaina zan tsare mata ƙofa ta yi zamanta na minti goma.

"Ba komai, Inna," in ji ta. "Ya wuce."

Ƙawayenta suna koyarwa yanzu. Ita tana ɗinkin hula a gida, kuma alhamdulillahi sauƙi ya samu. Amma kwalejin ba ta sake takawa ba.